Kangon masana'anta a tsakiyar gari: wane tallafi ya dace da ƙaramin birni a Amurka?

Duk wanda ya taɓa ratsa ƙananan garuruwan Ohio ko Pennsylvania ko Michigan ya san wannan fuskar. Babban titi guda ne, ga ofishin gidan waya, ga banki, sai kuma wani fili da aka zagaye da waya a daidai inda ya fi ko'ina daraja. A da gidan mai ne, ko masaƙa, ko wurin narka ƙarfe. Yau siminti ya tsattsage, ciyawa ta ɓullo ta cikin tsagar, allon sayarwa ya koɗe har ba a iya karanta lambar wayar da ke jiki. Ba mai saye, banki kuma ba zai ba da rance a kansa ba, domin ba wanda ya san abin da ke kwance a ƙarƙashinsa. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta ƙiyasta cewa irin waɗannan filaye sun haura 450,000 a faɗin ƙasar.

Gwamnatin tarayya na da kuɗin da ta ware domin wannan matsala, a ƙarƙashin shirin da ake kira Brownfields. Sai dai kuɗin ba ta ƙofa ɗaya yake fitowa ba. Ƙofofin sun kai shida, kowace da sharaɗinta, kuma garin da ke da mutum dubu goma ko ashirin, wanda dukan ma'aikatan ofishin magajin garinsa ba su cika ɗaki ɗaya ba, ba shi da ƙarfin ƙwanƙwasa su duka. Dole ya zaɓa. Ra'ayina tun daga farko shi ne, girman kuɗin shi ne abu na ƙarshe da ya kamata kansila ko akawun gari ya duba. Tambayoyi uku ne ke yanke hukunci: filin na waye, an san abin da ke cikin ƙasar ko ba a sani ba, sannan wane ne a ofis zai riƙe takardun har shekara huɗu.

Dalilin da ya sa kowa ke gudun filin

Ba za a fahimci sharuɗɗan tallafin ba sai an san inda tsoron ya samo asali. A 1953 kamfanin Hooker Chemical ya sayar wa hukumar makarantun birnin Niagara Falls, a jihar New York, wani fili da ake kira Love Canal a kan dala ɗaya. A cikin filin akwai kusan tan 21,000 na sharar sinadarai da aka binne. Aka gina makaranta, gidaje suka kewaye ta. Zuwa 1978 dafin ya riga ya shiga ɗakunan ƙarƙashin gidaje, Shugaba Jimmy Carter ya ayyana dokar ta-ɓaci, aka kwashe ɗaruruwan iyalai. Daga nan aka haifi dokar CERCLA ta 1980, wadda aka fi sani da Superfund.

Dokar tana da tsauri da gangan. Wanda ya mallaki gurɓataccen fili a yau ana iya ɗora masa kuɗin tsaftace shi ko da ba shi ya zuba ko ɗigo ɗaya ba, ko da an zuba ne kafin a haife shi. Ta kama manyan masu laifi, amma kuma ta sa kowa ya ja da baya daga duk wani tsohon fili, har da waɗanda ba su da wata cuta ta kirki. Shi ya sa EPA ta fara gwajin ba da tallafi a 1993 da gundumar Cuyahoga, inda birnin Cleveland yake, sannan a ranar 11 ga Janairun 2002 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar da ta kafa shirin da gindinsa. Wannan dokar ce ta buɗe wa mai saye hanyar kare kansa: in ka yi cikakken binciken tarihin fili kafin ka saya, ka kuma kiyaye wasu ƙa'idoji bayan ka saya, ba za a ɗora maka laifin waɗanda suka gabace ka ba.

A riƙe wannan kalmar, "kafin". Wannan binciken, wanda ake kira binciken matakin farko, dole a yi shi cikin shekara guda kafin ranar da filin ya koma hannunka, wasu sassansa ma, kamar ziyarar gani da ido da hira da masu filin, kada su wuce kwana 180. Idan mai tsohon gareji ya zo majalisar gari ya ce ya ba da filinsa kyauta, majalisa ta yi murna ta karɓa ba tare da wannan binciken ba, to ta yi cinikin biri a sama. Tana iya wayar gari ita ce mai alhaki a idon doka, kuma mai alhaki ba ya cancantar tallafin tsaftace filin da yake da alhakinsa. Kuskure ne na rana ɗaya da ke rufe ƙofar miliyoyin daloli. Akwai sassauci ga filin da ya faɗo hannun gari ta hanyar rashin biyan haraji, haka kuma dokar BUILD ta 2018, wadda ta yi wa shirin gyare-gyare, ta yi rangwame ga filayen da hukuma ta mallaka kafin 11 ga Janairun 2002, muddin ba ita ta gurɓata su ba. Amma waɗannan lauya ne zai tabbatar da su a rubuce, ba a zato ba.

Ƙofar da ba ta da kuɗi a hannu

Hanya mafi sauƙi ita ce wadda aka fi mantawa da ita, wato binciken da EPA ke yi da kanta a kan fili guda da aka nuna mata, wanda ake taƙaita sunansa da TBA. A nan ko sisi ba ya shiga asusun gari. Gari ya rubuta gajeriyar takarda zuwa ofishin EPA na shiyyarsa, cikin shiyyoyi goma da hukumar ke da su, in an amince sai hukumar ta turo ɗan kwangilarta ya yi aikin, ya miƙa rahoto. Ba gasa ta ƙasa baki ɗaya, ba jiran wata rana guda a shekara, ba rahoton kashe kuɗi, ba neman 'yan kwangila. Jihohi da dama ma suna yin irin wannan hidimar da kuɗin da tarayya ke ba su.

Ga garin da damuwarsa fili ɗaya ne ko biyu, ban ga abin da ya fi wannan ba. Rauninsa a bayyane yake: ba kai ke riƙe da linzami ba. Ɗan kwangilar ba naka ba ne, ranar zuwansa ba a hannunka take ba, kuma in kuɗin shiyyar ya ƙare a shekarar sai ka jira. Ba zai biya maka taron jin ra'ayin jama'a na wata da watanni ba, ba kuma zai zagaye gari yana ƙidaya kangwaye ba. Amma zai amsa tambayar da ta hana kowa motsi, kuma a lokuta da yawa amsar kan zo da sauƙi fiye da yadda ake tsoro. Fili na iya shekara talatin a rufe saboda jita-jita, a bincika a tarar matsalar ba ta wuce tanki guda da ƙasar da ke kewaye da shi ba.

Tallafin bincike: naka na kanka, ko na haɗin gwiwa

A nan ne mafi yawan ƙananan garuruwa ke tsayawa suna shawara, don haka zan daɗe a kansa. Tallafin binciken gari baki ɗaya ya kai har dala 500,000 a zagayen shekarun baya-bayan nan, a kashe cikin shekara huɗu, kuma ba a neman gari ya ƙara nasa kason. Ba sai filayen na gari ne ba. Da shi ake ƙidaya filayen da ake zargi, a yi binciken matakin farko da na biyu, a tsara yadda za a tsaftace, a biya masu nazarin abin da kasuwa za ta ɗauka a wurin, a tara jama'a a ji me suke so. Abu ɗaya ne ba ya yi, kuma shi ne abin da jama'a suka fi sa rai: ba ya kwashe ko shebur ɗaya na gurɓatacciyar ƙasa. Magajin garin da ya tsaya gaban 'yan jarida da babban cak ya bari mutane suka ɗauka cewa kangon zai tashi bana, ya ɗauko wa kansa magana.

Yana da kyau a san abin da kuɗin ke saya. Matakin farko aikin takarda ne da ƙafa. Masani ya tono tsoffin taswirorin kamfanonin inshorar gobara, hotunan sama na shekaru sittin ko saba'in da suka wuce, kundin adireshin 'yan kasuwa, takardun mallaka, sannan ya zo ya taka filin yana duba tabon mai, bakin bututu, murfin tanki da ƙasa ta binne. Kuɗinsa 'yan dubban daloli ne. Mataki na biyu shi ne mai cin kuɗi. Ana kawo ƙaramar na'urar haƙa a bayan mota, ta dinga cusa bututu cikin ƙasa tana fito da dogon curin ƙasa a cikin roba. A tsaga robar a shimfiɗa a kan tebur: sama jar ƙasa ce lafiyayya, can ƙasa kuma sai launi ya koma toka-toka, warin fetur ya bugi hanci, fetur ɗin da aka daina sayarwa a wurin tun shekara arba'in. A ɗebi samfur a ƙananan kwalabe, a sa cikin ƙanƙara, a aika ɗakin gwaji. A kafa rijiyoyin gwaji don a ga ko dafin ya kai ga ruwan ƙarƙashin ƙasa da kuma inda ya nufa. Wannan na iya cin dubun dubatan daloli a fili guda.

Abin da ake samu ya danganta da sana'ar da aka yi a wurin. Gidan mai kan bar sinadarin benzin. Layin dogo da wurin ajiyar katako kan bar asenik da man da ake shafa wa katako don kada ya ruɓe. Tsohon gini kan ɓoye asbesto a rufi da bututu, da fentin dalma wanda sai a 1978 aka hana amfani da shi a gidaje. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ƙaramin shagon wankin kwat da sinadari, wanda ba wanda ke yi masa kallon masana'anta. Ruwan wankin da ake kira PCE ya fi ruwa nauyi, yana ratsa siminti ya nutse can ƙasa, sannan tururinsa ya dawo sama ya shiga ɗakunan maƙwabta ta tsagar daɓe. Shago mai faɗin ɗaki biyu na iya barin ɓarnar da ta bi ƙarƙashin layin gidaje guda.

To ina wahalar? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Garin da ya karɓi kuɗin tarayya zai nemi ɗan kwangila ta hanyar gasa bisa ƙa'idar tarayya, ba wai ya miƙa aikin ga kamfanin da ya taya shi rubuta takardar nema ba. Zai jira EPA ta amince da tsarin tabbatar da ingancin gwaji kafin a ɗebi samfur ko ɗaya. Zai nemi amincewa a kan kowane fili. Zai aika rahoto duk wata uku, ya shigar da bayanan kowane fili a rumbun da ake kira ACRES. Abin da doka ta yarda a kashe a kan hidimar ofis zalla bai wuce kashi 5 cikin 100 ba. Sannan ga matsalar da ba a rubuta ta a kowace takarda ba: mai fili na iya hana ka shiga. Yana da dalilinsa, domin in aka gano wani abu farashin filinsa zai faɗi, wataƙila ma doka ta tilasta masa sanar da jiha. Garin da ya ci tallafin ba tare da ya fara zama da masu filaye ba zai iya cinye shekara biyu kuɗi na kwance ba a taɓa ba. Kuma ba a barin gari ya nemi sabon tallafin bincike sai ya kashe kashi 70 cikin 100 na wanda ke hannunsa.

Saboda haka ne nake ganin tallafin haɗin gwiwa ya fi dacewa da yawancin garuruwan da mutanensu ba su kai dubu ashirin ba. A tsarinsa, hukuma guda mai ƙarfi, galibi gunduma ko majalisar tsare-tsare ta yanki, ita ke jagoranci, sai wasu biyu zuwa huɗu su shiga ƙarƙashinta. Kuɗin ya fi yawa, ya kai dala miliyan 1 har ma ya ɗara a wasu shekarun. Jagora ke ɗaukar nauyin rahoto da neman ɗan kwangila, ƙaramin gari kuma ya kawo filayensa a bincika. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da za ka rasa shi ne cikakken iko, kuma ba ƙaramin abu ba ne, domin in ba ka yi hattara ba babban garin da ke cikin haɗin zai lashe kaso mafi tsoka. Maganinsa yarjejeniyar da ake rubutawa tsakanin mambobi kafin a fara kashe kuɗi. Kada wakilin gari ya sa hannu sai ya ga an rubuta yadda za a zaɓi filaye da kuma adadin da aka ware wa garinsa.

Yaushe gari zai nemi nasa na kansa? Idan yana da filaye da yawa a jere, kamar bakin kogi ko gefen layin dogo da masana'antu suka mutu a kai, yana kuma da mutum guda, ma'aikaci na dindindin, wanda za a ce wannan aikinka ne. Ba ɗan kwangila nake nufi ba, ba kuma kansilan da zaɓe mai zuwa zai iya tafiya da shi ba.

Tallafin tsaftacewa

Wannan shi ne kuɗin da ke kawo motar haƙa, kuma ƙofarsa ce ta fi ƙunci. Dole mai nema ya riga ya mallaki filin. Dole ya kasance ba shi ne mai alhakin gurɓatar ba. Dole a riga an yi binciken mataki na biyu. Dole a rubuta daftarin kwatanta hanyoyin tsaftacewa da kuɗin kowace, a sanar da jama'a, a yi taro, a amsa ƙorafinsu kafin a miƙa takardar nema. In matsalar fetur ce, sai jiha ko EPA ta tabbatar cewa babu wani mai alhaki da ke da halin biya. Filin da ke cikin jerin manyan wuraren Superfund kuwa ba ya cikin wannan shirin sam.

Batun kuɗinsa yana buƙatar lura, domin lambobi biyu ne ke yawo. Dokar BUILD ta 2018 ta sa iyaka a dala 500,000 ga kowane fili, ana iya ɗagawa zuwa 650,000, tare da sharaɗin mai karɓa ya kawo kashi 20 cikin 100 na abin da aka ba shi, ko da kuɗi ko da aikin ma'aikata da kayan aiki. Sai dokar manyan ayyuka da Shugaba Joe Biden ya sa wa hannu a Nuwamban 2021 ta zuba dala biliyan 1.5 a shirin na shekara biyar, daga shekarar kasafi ta 2022 zuwa 2026, ta ɗaga iyakar tsaftacewa har dala miliyan 5, ta kuma ɗauke sharaɗin kason gari a kan wannan kuɗin. Manyan lambobin da ake gani a labarai daga wannan kuɗin na musamman suka fito. Garin da ke shirin gaba ya gina lissafinsa a kan dokar asali: dala 500,000 na nufin ya tanadi dala 100,000 tasa. Ƙananan garuruwa na iya neman a yafe musu kason saboda halin matsi, amma roƙo ne, ba haƙƙi ba.

Abin da na fi so mai karatu ya ɗauka a nan shi ne, ba a iya sanin kuɗin tsaftacewa sai an san me za a yi da filin. Ma'aunin tsaftar da ake nema ga gidan zama ko filin wasan yara ya fi na wurin ajiye motoci ko rumbun kaya tsauri nesa ba kusa ba. Fili guda, in gidaje za a gina, sai an kwashe ƙasa mota bayan mota zuwa juji na musamman, an kawo sabuwa. In shaguna ne, mai yiwuwa a rufe ƙasar da kwalta da daɓe, a shimfiɗa leda mai kauri da bututun fitar da tururi a ƙarƙashin ginin, a rubuta a takardar mallaka cewa ba a haƙa rijiya a wurin har abada. Bambancin kuɗin na iya ninkawa sau da yawa. Ba ina cewa a zaɓi mai araha ba ne. Unguwannin da ke maƙwabtaka da waɗannan kangwaye galibi na marasa ƙarfi ne, su suka shaƙi hayaƙin masana'antar tana aiki, su suka zauna da gawarta bayan ta mutu, kuma suna da haƙƙin a tambaye su kafin a yanke cewa kwalta ta ishe su. Abin da nake cewa shi ne a yi wannan muhawarar kafin a rubuta lamba a takardar nema, domin in kuɗin ya gaza a tsakiyar aiki, rami ne buɗe zai rage wa gari.

Kuma a sani, kuɗin ba na gini ba ne. Ba ya gina shago ko gida, ba ya rushe gini sai in rushewar ta zama dole don a kai ga dafin. Leburorin aikin kuma za a biya su bisa ma'aunin albashin da dokar Davis-Bacon ta gindaya wa ayyukan da ake yi da kuɗin tarayya, wanda ke ƙara wa lissafi nauyi.

Biyun da suka fi ƙyalli

Akwai tallafin da ya haɗa bincike da tsaftacewa da tsare-tsare a ƙunshi guda, har dala miliyan 1, na shekara biyar. A takarda ba abin da ya kai shi daɗi, tunda ba sai ka sake shiga gasa tsakanin bincike da haƙa ba. Amma ana buƙatar ka riga ka mallaki aƙalla fili guda a yankin da ka zaɓa, ba kowace shekara ake buɗe shi ba, kaɗan ake bayarwa, kuma nauyin ayyuka biyu ne a kan ofis ɗaya. Ya dace da garin da ya taɓa riƙe tallafin EPA ya kammala lafiya, yana da unguwa guda da ya sa a gaba. Ga sabon shiga, lomar ta fi bakin.

Asusun rance mai juyawa kuwa, wanda shi ma ya kai dala miliyan 1, yana mai da gari tamkar ƙaramin banki: ya ranta wa masu gini kuɗin tsaftacewa da ƙaramin ruwa ko ba ruwa, in sun biya ya ranta wa wasu. Wannan na buƙatar masu karɓar rance a jere, da wanda ya iya tantance su, da lauyan da zai bi bashi. Ƙaramin gari ba shi da ko ɗaya. Shawarata kada ya nema. Ya bincika ko jiharsa ko gundumarsa na da irin wannan asusun, ya je a matsayin mai karɓa, domin waɗannan asusun suna ba hukumomi da ƙungiyoyi marasa neman riba wani kaso kyauta, ba rance kaɗai ba, kuma layinsu ya fi na gasar ƙasa gajarta.

Kada a tsallake jiha

Mutane na ɗokin kuɗin Washington har su manta cewa takardar da banki ke jira daga babban birnin jiha take fitowa. Kusan kowace jiha na da shirin tsaftacewa na sa-kai, kuma ita ke ba da wasiƙar da ke cewa an gama, ba sauran aiki. Wannan wasiƙar ce ke mayar da kango ya zama kadara. Wasu jihohin ma kuɗinsu ya fi na tarayya kusa. Ohio ta ware dala miliyan 350 a kasafinta na 2021 don wannan aiki, ta keɓe dala miliyan 1 ga kowace ɗaya daga gundumominta 88, abin da ya ba ƙananan wurare damar da ba za su samu a gasa da Cleveland ko Columbus ba. Michigan tun 1996 take da dokar da ke barin a biya mai gini kuɗin tsaftacewa daga ƙarin harajin da filin zai kawo bayan an gyara shi. In matsalar tankin fetur ce, jihohi da yawa na da asusun tankuna na musamman. Dokar BUILD kuma ta tanadi ƙaramin tallafi na dala 20,000, ta hannun jihohi, ga garuruwan da mutanensu ba su wuce 15,000 ba. Ba yawa, amma ya isa a biya wanda zai zana abin da za a yi da fili, kuma wannan zanen shi ke ƙarfafa takardar nema ta gaba.

Ga yadda zan jera su in ni ne a kujerar. Fili ɗaya, na wani ne, ba a san cikinsa ba: TBA ko binciken jiha, kuma kada a karɓi takardar mallaka sai rahoto ya fito. Filaye da yawa, ma'aikata kaɗan: a je wurin gunduma a nemi shiga haɗin gwiwa. Fili na gari, rahoton mataki na biyu a hannu, an san me za a gina: tallafin tsaftacewa, tare da ƙwanƙwasa asusun jiha a lokaci guda don cike giɓi.

Sauran magana ta lokaci ce. EPA kan fitar da ƙa'idojin gasar ne da kaka, galibi a rufe karɓa a Nuwamba, a sanar da waɗanda suka yi nasara wajen Mayu, kuɗi ya fara aiki wajen Oktoba. Daga ranar rubuta takarda zuwa ranar da na'urar haƙa za ta taka filin, shekara guda da 'yan watanni ne in komai ya tafi daidai, kuma masu nema da yawa kan dawo hannu rabbana a karon farko. Wanda bai samu ba yana da damar neman ofishin shiyya ya zauna da shi ya nuna masa inda ya rasa maki, ya gyara ya sake shiga. Akwai kuma cibiyoyin da EPA ke biya don su taimaka wa garuruwa kyauta, cikinsu har da Jami'ar Jihar Kansas, Jami'ar Connecticut, Jami'ar West Virginia da Cibiyar Fasaha ta New Jersey, kowace da shiyyoyinta. Suna karanta daftarin takardar nema su yi gyara ba tare da karɓar ko kwabo ba, muddin an aika musu da wuri. Rajistar gari a SAM.gov, shafin intanet na masu hulɗar kuɗi da gwamnatin tarayya, wadda sai da ita ake iya miƙa takarda ta shafin neman tallafi na Grants.gov, takan ɗauki makonni kuma duk shekara ake sabunta ta. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka akawun gari ya duba ranar ƙarewar rajistar tun a watan Agusta, magajin gari kuma ya fara kai wa masu filayen nan ziyara tun kafin ƙa'idojin su fito.